Tsumman da Auta Yake Mantawa

Ana cewa kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa yini a garejin da wa da ƙani suke aiki ƙarƙashin rumfa ɗaya ba.

Garejin yana bayan tashar manyan motoci, tsakanin mai walda da mai faci. Rumfar kwano ce, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da wani benci mai ƙafa uku wanda aka tokare da mataccen batir. Wan shi ake kira Kunne. Ba girman kunnuwansa ne ya jawo masa sunan ba, ko da yake su ma ba baya ba ne. Aikinsu ne ya jawo. Shekara talatin da ɗoriya, in mota ta shigo tana ciwo ba ya yi wa mai ita dogon tambaya. Sai ya ce a tayar, ya ɗauko wani guntun tiyo da ya yi baƙi don tsufa, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ya riƙa yawo da ɗaya bakin a jikin injin kamar likita a ƙirjin majiyyaci. Can sai ya tsaya ya ce, “Nan ne.” Kuma nan ɗin ne.

Inda ya fi yin suna shi ne a kan mota mai shan iska. Tsohuwar mota in robobinta suka bushe suka tsattsage, sai injin ya riƙa zuƙar iska ta inda bai kamata ba, iskar ta rinjayi man, motar ta kama karkarwa a tsaye tana mutuwa a kowace mahaɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar takan yi wani siririn fito da rugugin injin ke dannewa, kuma shi wannan fiton Kunne yake farauta. Sauran makanikai gora suke cikawa da fetur su bi mahaɗan suna fesawa, inda injin ya canja murya su ce sun gano. Kunne yana kiransu masu ban ruwa. “Lambu kuke yi ko gyaran mota?” Haka yake ce musu, a gaban masu motocin kuwa.

Ƙaninsa shi ne Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha huɗu tsakaninsu. Kunne ne ya koya masa riƙon sufana. Yanzu Auta ya haura arba'in, ga 'ya'ya huɗu ga furfura a haɓa, amma a garejin nan Auta ne har gobe. Mutum ne kakkaura marar magana, mai manyan hannuwa. Aibinsa ɗaya a wurin wansa, mantuwa. Yana da wani jan tsumma da ba ya rabuwa da kafaɗarsa, to shekara biyun nan sai ya tsiri barinsa a cikin injin mutane. Shi ke buɗe bonet, ya ɗan leƙa, ya juya abinsa, tsumma na can kwance. Kunne ya iso da tiyonsa, aikinsa na farko ya ɗauke tsumman yana faɗa.

“Wata rana fanka za ta naɗe shi ka ja mana abin kunya.”

“Yi haƙuri, Yaya.”

Sai Kunne ya wurga masa tsumman, ya fara bincike daga nan inda hannunsa ya riga ya kai. Ba ya daɗewa kuwa yake cewa nan ne. Gobe Auta ya sake mantawa.

Akwai abin da Kunne bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Kunnensa na hagu ya tafi. Na daman yana jin manyan ƙararraki, guduma da salansar da ta fashe, amma ƙanana sun daina zuwa, sai wani kuka kamar na gyare da ya tare a ciki ba dare ba rana. Ya koyi kallon bakin mai magana. In kuma aka yi ta bayansa sai ya ce “To, to,” ya wuce wurin. Matarsa ta taɓa tambayarsa ko maƙwabta yake kunna wa rediyo, ya yi kwana biyu yana cin magani. A ransa ya yanke cewa babu abin da ya ragu: in kunne ya gaza ai ido da daɗewa a sana'a sun karɓa, tunda ga shi har yau bai taɓa kuskure ba.

Abin da ke cinsa daban ne. Mutane sun fara tambayar Auta. Direban tasi zai shigo ya same shi tsaye ƙiƙam a tsakiyar garejinsa, ya miƙa masa hannu, sannan ya leƙa ta kafaɗarsa ya ce, “Auta na nan kuwa?” Kamar shi maigadi ne. Yakan amsa da fara'a, amma zuciyarsa tafasa take yi. Ya kai ga in Auta ya yi dariya da wani mai mota sai ya ji kamar da shi ake. Ya san hassada ce, ya san kuma ba ta dace da mai shekarunsa ba. Sanin bai rage masa komai ba.

Mota ɗaya ce ya tabbata tasa ce, ta Hedimasta. Tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, dogo, mai tabarau da igiya a wuya. Motarsa ruwan toka ce mai kabireta, ta girmi babbar 'yar Auta, kuma shekara ashirin da shida babu hannun da ya taɓa injinta sai na Kunne. Ko kusa ce ta sassauta a wani gari, Hedimasta lallaɓo ta yake yi har nan. Muddin motar nan tana tsayawa a gabansa, Kunne yana nan a Kunnensa.

Wata ranar Laraba da hantsi ta shigo tana rawar ɗari, ta mutu tun kafin ta gama shiga rumfa. Hedimasta ya fito yana goge tabarau. Auta ne ya fi kusa da ƙofa, sai tsohon ya dube shi ya yi masa magana. Kunne bai ji ba, amma ya karanta a bakinsa tsaf:

“Auta, ka ji ta kuwa?”

Da mari aka yi masa da ya fi sauƙi. Auta aka tambaya. Auta da ya goya a bayansa, Auta da ya taɓa zuba baƙin mai a tankin ruwa. Kunne ya taho yana murmushin da bai wuce haƙora ba, ya gaida Hedimasta, ya tambayi iyali, sannan ya juya.

“Auta, ɗauki babur ka tafi kasuwar kayan gyara. Haƙorin giyar bas ɗin can, kada ka dawo sai da shi.”

Su biyun sun san an shekara ana neman haƙorin nan ba a samu ba, kuma kasuwar tana can ƙarshen gari.

“To, Yaya. Bari in buɗe maka bonet tukuna.”

“Hannuna ne ya karye?”

Auta ya dubi motar, ya dubi wansa, kamar mai son faɗin wani abu. Sai ya gyara tsumman a kafaɗa ya hau babur. Har ya kai bakin titi yana waiwaye.

Hedimasta ya zauna a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ce da la'asar yake son kama hanya shi da mai ɗakinsa, za su duba 'yarsu da ta kwana biyu ba lafiya, kuma hanyar ta duwatsu ce, hawa da gangara. Mai faci ya ga babu aiki ya zo ya zauna kusa da shi.

“Zauna ka ga ikon Allah,” in ji Hedimasta. “Mutumin nan minti biyar ya yi masa yawa.”

Kunne ya tayar da motar, ya ɗauko tiyonsa, ya kafa a kunnen dama. Injin ya buɗe a gabansa tas, babu tsumman kowa. Ya bi gindin kabireta. Ya bi inda bututun iska ya haɗu da kan injin, mahaɗa bayan mahaɗa. Ya bi ƙananan robobi ɗaya bayan ɗaya. Ya san iska take sha, karkarwar ta gaya masa tun daga tafin hannunsa. Amma a cikin tiyon babu komai sai rugugi daga nesa, da gyaren nan nasa yana ta kuka.

Ya sake zagayawa. Ya sake. Minti biyar ta zama rabin awa.

Ya ce fulogi ne, ya kwance su huɗu ya kankare ya mayar. Tana nan tana rawa. Ya ce datti ne a kabireta, ya sauke ta ya wanke da fetur ya hura kowace ƙofa ya ɗaura. Rana ta take, kwanon rumfa ya ɗauki zafi, gumi ya jiƙe masa riga har ƙugu. Mai faci ya tashi ya yi faci biyu ya dawo ya tarar da shi inda ya bar shi. A garejin da ke tsallaken titi yana hango gorar fesa fetur rataye a ƙusa. Taku ashirin ne. Amma yaya za a yi mutumin da ya shekara talatin yana kiran mutane masu ban ruwa ya tsallaka titi aron gora, Hedimasta na kallo? Gara ƙasa ta tsage.

Yana sunkuye Hedimasta ya faɗi wata magana daga bayansa. Ya ji muryar, bai ji kalmomin ba.

“To, to,” ya ce.

Bayan azahar ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗauki sukundireba ya sa a kan ɗan sukurun silo, wanda ke ƙayyade gudun injin in mota na tsaye, ya murɗa shi zagaye ɗaya da rabi. Injin ya ɗaga murya, karkarwar ta ɓuya a cikin gudun. Tsagar tana nan inda take, an dai rufa mata zane. Shekara ashirin da suka wuce ya taɓa buge hannun Auta da sufana a kan wannan sukurun, ya ce masa wannan ba gyara ba ne, rufa-rufa ce. Yau ga nasa hannun a kai.

“Ka ji ta!” in ji Hedimasta. “Ta dawo hayyacinta.”

Kunne ya shiga mazaunin direba wai zai gwada totur, alhali fuskarsa yake son ɓoyewa. Bonet na ɗage a gabansa, sai wata 'yar tazara a ƙasansa da ake hango injin ta cikin gilashi.

A lokacin Auta ya dawo, hannu rabbana, fuska duk ƙura. Ya kashe babur a bakin rumfa ya tsaya, ya ɗan karkata kai gefe guda. Bai fi numfashi uku ba. Ya gaida Hedimasta, ya taho gaban motar kamar mai wucewa. Bai lura wansa na ciki ba. Ta wannan tazarar Kunne ba ya ganin fuskarsa, hannuwansa kawai yake gani.

Hannuwan suka sauko da jan tsumman. Suka ninke shi biyu, suka sake ninkewa. Suka miƙa can baya, lungun da injin ya kusa jingina da jikin mota, suka kwantar da shi a kan wani kakkauran tiyo. Yatsa ɗaya ya dawo ya gyara masa zama, ya ɗan matsar da shi hagu. Sannan hannuwan suka janye.

Mai mantuwa ba ya ninke tsumma.

Kunne ya zauna riƙe da sitiyari, motocin shekara biyu suna wucewa ta kansa ɗaya bayan ɗaya. Tasin da ya gano wa tsaga a gindin kabireta, a nan tsumman yake. Motar likitan haƙori, a kan robar da ta fashe ya ɗauke shi. A-kori-kurar mai katako, haka. Duk “nan ne” ɗin da ya faɗa yana buɗe ƙirji, Auta ne ya riga ya faɗa da tsumma, shi kuma ya biya shi da faɗa a gaban mutane. Ashe direbobin da ke tambayar Auta ba raina shi suka yi ba, ido gare su.

Mutum zai zaci godiya ce ta fara zo masa. Ba ita ba ce. Kishi ne, wanda ya fi na safe ɗaci. Da a ce Auta ƙwace masa mutane yake yi da gangan, da ya san yadda zai yi da shi, ya yi fushi ya more. To yaron nan ya fi shi kunne, bai tsaya nan ba ya fi shi hali. Ta ina ake rama wannan?

Ya fito. Auta ya riga ya tafi wurin durom yana wanke hannu, ya ba motar baya, kamar yadda yake yi kullum. Sai yau Kunne ya gane dalilin wannan wankin hannun. Hanya a buɗe take: ya ɗauke tsumman, ya yi faɗan da ya saba, ya kafa tiyo, ya ce nan ne. Babu wanda zai ce uffan.

Ya ɗaga tsumman. Ya zura yatsu ƙarƙashin tiyon ya lanƙwasa shi kaɗan, sai ga tsaga ta buɗe baki a cikinsa ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, tana tsotsar fatar yatsansa. Ya bi tiyon da ido har inda ya ƙare. A tukunyar birki ya ƙare. Wannan tiyon shi ke ba birki ƙarfi, in ya tsage sai birki ya yi tauri kamar dutse. Ya tuna hanyar duwatsu, da gangara, da tsohuwa a kujerar gaba.

Ya juya ya kalli bakin Hedimasta sosai.

“Malam, birkinta ya yi tauri kwanan nan?”

“Ai na gaya maka ɗazu. Na ce sai na miƙe a kansa yake kamawa, ka ce mini to.”

Mai faci ya sunkuyar da kai yana wasa da takalminsa. Kunne ya ɗauki sukundireba ya mayar da sukurun silo inda yake, zagaye ɗaya da rabi. Motar ta koma rawarta a gaban kowa.

“Auta!”

“Na'am, Yaya.”

“Zo ka ɗauki tsummanka.” Ya miƙa masa a ninke yadda yake. “Ka gaya wa Malam abin da ke damun motarsa. Da bakinka.”

“Yaya, ai mantawa na—”

“Ka ninke shi huɗu, Auta. Ina ciki, ina kallonka.”

Auta ya tsaya da tsumman a hannu, ƙaton mutum, ya rasa inda zai sa idonsa. Sai Kunne ya ƙarasa da kansa, da ƙarfi, don bai san iyakar muryarsa ba. Ya ce tiyon birki ne ya tsage, kuma ba shi ya gano ba. Ya ce ɗazu rufa-rufa ya yi, da an tafi a haka Allah kaɗai ya san abin da gangara za ta yi. Ya ce kunnensa ya shekara biyu da tafiya. Da ya faɗa sai ya dafa motar.

Hedimasta ya cire tabarau ya sake su a ƙirji.

“Kunne, shekara talatin ina tsaron jarrabawa. In ana miƙa amsa ta ƙarƙashin tebur ina ganewa, ko da jan tsumma ne. Da safe ni na yi wauta da na tambayi Auta a gabanka, bakina ya riga hankalina. Da na ga ka kore shi kuma na ce bari in zauna in ga ƙarshen abin. Ba zan hau hanya ba ai sai ya dawo.”

Mai faci ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye. Kunne ya so ya tsani tsohon nan, bai samu ƙarfin yi ba. Wato kowa ya sani. Shi kaɗai ake ta lallaɓawa kamar ƙwai a cokali.

Aka kashe motar. Auta ya shiga ɗakin kaya ya yanko sabon tiyo daidai tsawon tsohon, ya haɗo da maɗauri biyu. Ya sunkuya a lungun, ya zura hannu, ya zaro. Ya sake gwadawa ta gefe, ya zaro da ƙujewa a bayan hannu.

“Yaya, hannuna ba ya shiga. Sai kai.”

Kunne ya daɗe yana kallonsa.

“Wannan ma wani tsumman ne?”

“Wallahi a'a. Duba.” Ya baje masa manyan hannuwan, jini na ɗan tsattsafowa.

Ko gaskiya ce ko tausayi, Kunne bai iya rarrabewa ba, ya kuma gane daga yau ba zai ƙara iyawa ba. Ya karɓi tiyon. Siraran yatsunsa suka shige lungun kamar gidansu, suka zare tsohon, suka tura sabon har ya zauna, suka ɗaure bakin nan da bakin can ba tare da ido ya gani ba. Wannan kam nasa ne, babu wanda ya ninke masa.

Hedimasta ya shiga ya murɗa makulli. Ya taka birki sau uku ya leƙo ya ce ya yi laushi. Kunne ya ɗora tafin hannu a kan injin, ya ji karkarwar ta kwanta, sai wani lallausan motsi mai tafiya daidai. Amma hannu ba ya jin fito. In akwai sauran tsaga a wani lungu, ba shi zai sani ba.

Guntun tiyonsa na shekara talatin yana rataye a wuyansa. Ya cire shi, ya ɗan riƙe shi fiye da yadda ya kamata, kishin na nan daram bai je ko'ina ba. Ya miƙa wa ƙaninsa. Auta ya kafa a kunne ya bi mahaɗan a hankali, yadda aka koya masa, wansa na tsaye a gefe hannu a baya kamar mai mota.

“Ta yi?” in ji Kunne. Tunda yake bai taɓa yi wa wani mahaluki wannan tambayar ba.

Auta ya amsa kansa na sunkuye a cikin injin.

“Ɗago ka kalle ni,” in ji Kunne. “Ban ji ba.”

Auta ya ɗago, ya fuskance shi sosai, idanunsa sun kaɗa.

“Ta yi, Yaya.”